Cip a jikin kyanwa da ƙofar sito: amsoshin tambayoyin manoma

Tambaya: Ina ajiye masara da wake a sito, kuma ina da kyanwa biyu masu kama ɓeraye. Na bar musu kafa a gindin ƙofa, amma muzurun maƙwabta da kaji ma ta nan suke bi. An ce akwai ƙofar da ba ta buɗewa sai ga kyanwar gida. Yaya abin yake?

Amsa: Akwai ta, Malam, amma daga jikin kyanwar aikin yake farawa. Likitan dabbobi zai sa mata wata 'yar na'ura da ake kira cip, girmanta kamar ƙwayar shinkafa, tsawon milimita 12. Da allura mai kauri ake tura ta ƙarƙashin fata, tsakanin kafaɗu biyu. Ba ta da batir, lamba kawai ke cikinta. Ka dage a sa mai jerin lambobi 15, mai aiki a kan zangon rediyo na 134.2 kHz, wato ta ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 11784 da 11785. Akwai tsofaffin na Amurka masu 125 kHz, masu jerin lambobi 9 ko 10, kuma ba kowace ƙofa ke gane su ba. Likita ya shafa na'urar karantawa a jikin kyanwar kafin allura, ko da ma tana da wani cip a jikinta, ya sake shafawa bayan an sa. A bar ta ta huta kwana guda, don cip ɗin ya zauna inda aka ajiye shi.

Ita ƙofar ƙarama ce, da na'urar karanta cip a jikinta, ana yanka mata gurbi a jikin babbar ƙofa. Samfurin SureFlap, misali, batir huɗu irin AA yake ci, yana riƙe lambobin dabbobi har 32. Za ka danna maɓallin koyo, ka sa ɗan kifi a ɗaya ɓangaren, kyanwa ta zura kai, sai ka ji sakatar ta yi ƙas, ta riƙe lambar ke nan. Ka maimaita da ta biyu. A kafa ƙofar daidai tsayin cikin kyanwa daga ƙasa.

Matsala mafi yawa daga ƙarfe take. Yawancin ƙofofin sitonmu na ƙarfe ne ko kwano, shi kuwa ƙarfe yana rage nisan da na'urar ke karantawa, wanda da ma 'yan santimita ne. Sai ka ga kyanwa tana tura kai ƙofa ta ƙi buɗewa. Maganinsa a yanka gurbi mai faɗi a sa katako ko zoben robar da kamfanin ke sayarwa, ƙofar ta zauna a kansa. Ƙurar hunturu ma tana toshe idon da ke gane zuwan dabba, har batir ya ƙare da wuri, don haka a riƙa goge cikin ramin ƙofar, inda kyanwa ke bi, da busasshen tsumma duk mako. In ka yi duk wannan ba ta buɗe ba, mai yiwuwa cip ɗin ya zame zuwa kafaɗa ko ƙirji, likita zai gano da na'urarsa. Sannan ka sani, ƙofa mai sauƙin kuɗi masu shiga kawai take tantancewa, kowa na iya fita. Kuma in muzuru ya manne wa kyanwarka a baya, wani lokaci yakan kutsa kafin sakata ta koma.

Tambaya: In na sa wa karen gona ko shanu, zan iya gano inda suke idan an sace?

Amsa: A'a. Cip ba ya nuna wuri, sai an kawo na'ura dab da jikin dabba. Amfaninsa shaida ne in an kama dabbar ana gardamar mai ita, shi ya sa za ka rubuta lambar a katin rigakafi, likita ma ya ajiye a littafinsa. A Ingila doka ta wajabta shi ga karnuka tun 2016, ga kyanwoyi tun Yunin 2024, amma can akwai rajistar da ke haɗa lamba da sunan mai dabba.

Shanu, tumaki da awaki kuwa, gara ka sa musu tambarin kunne mai cip ko dunƙulen da ake haɗiyar da su ya zauna a ciki, domin na ƙarƙashin fata yana iya ɓacewa cikin nama a ranar yanka. Doki a gefen hagu na wuya ake sa masa, ƙasa da geza, kuma wannan aikin likita ne kaɗai.