Gem na harbi zai iya faɗin wani abu a kan tashin hankali kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Kaduna Poly, muna buga Free Fire da COD (Call of Duty) kullum. Wani abokina ya ce wai yadda ake buga gem shi kanshi labari ne, ni kuma na ce harbi ne kawai, labari sai a fim. Dan Allah waye da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ne da gaskiya, kuma wasan da ke hannunka ma shaida ne. A Free Fire mutum 50 ake saukewa a tsibiri, zon (da'irar wurin da ba hatsari) yana ta matsewa har sai kun haɗu dole, kana kashe mutum ya koma akwatin kaya ka kwashe harsashi ka wuce. Ba wanda ya ce maka uffan, amma dokar wasan ta riga ta koya wa yatsunka cewa ɗan adam ganima ne. To wannan labari ne, sai dai mai arha.

Ka nemi This War of Mine, na kamfanin 11 bit studios na ƙasar Poland, ya fito a 2014 kuma akwai shi a waya. Sun ɗauko shi ne daga ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarayebo na ƙasar Bosniya daga 1992 zuwa 1996. A ciki kai ba soja ba ne, farar hula kake riƙe da su a wani rusasshen gida, da rana ba fita saboda masu harbi daga ɓoye, da dare mutum ɗaya zai fita neman abinci da magani da 'yar jakarsa wadda ba ta cin kaya da yawa. Akwai wani gida na tsoho da matarsa, ba su da makami, ba abin da za su iya yi maka, kuma suna da maganin da mara lafiyarka ke buƙata. In ka kwashe, tsohon zai riƙa binka yana roƙo, ka dawo gida mutanenka su shiga damuwa, in abin ya yi tsanani wani ya ƙi aiki gaba ɗaya ko ma ya kashe kansa. Wallahi duk wanda ya zauna dokar hana fita ta 2011 a garin nan yana lissafin kwanon shinkafar da ya rage, zai gane wasan nan tun daren farko.

Undertale na 2015 kuma za ka iya gama shi ba ka kashe kowa ba. In ka zaɓi kashe kowa, garuruwa su koma kango, masu shago su gudu, kiɗan ma ya canza.

Inda nake da ja shi ne irin su Spec Ops: The Line na 2012. Akwai wurin da za ka ƙona sansani da makami mai guba, daga baya ka tarar farar hula ne a ciki, hoton na tada hankali sosai, amma fa wasan bai ba ka wata hanya ba, tilasta ka ya yi sannan ya dawo yana maka faɗa. A ganina wannan dabarar fim ce aka aro. Na tsohon nan ya fi ciwo saboda kana iya juyawa ka fita hannu rabbana, ka koma gida ka samu mara lafiyarka ya ƙara jigata.