Tambaya da Amsa: An wanke mini nozul, amma hayaƙi ya dawo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da injin niƙa mai silinda ɗaya a nan Daura, wanda ke amfani da man gas. Tun shigowar hunturu yake ba ni wahala kafin ya tashi da safe, idan ya tashi kuma sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe shagon, ga shan mai fiye da yadda na san shi. Bakanikena ya kwance nozul, ya goge bakinsa da samfefa, ya zura waya cikin ramin, ya mayar. Injin ya yi mako biyu lafiya, sai ya koma gidan jiya, har ya ƙara da wani bugu da ba ya yi a da. Shin in sake kai wa a wanke, ko in sayi sabo? Daga mai injin niƙa, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a sana'a. Shawarata ita ce kada ka sake kai shi wanki a hannun wanda ba shi da na'urar gwaji, kada kuma ka sayi sabo sai an gwada wannan tukuna.

Injin dizal ba shi da fulogi irin na injin fetur. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta yi zafin da duk man da ya shigo zai kama da wuta da kansa, amma sai idan man ya shigo a matsayin feshi mai laushi kamar hazo, a daidai lokacin da ya dace. Aikin nozul ke nan. A cikinsa akwai wata allura da sifirin ke danne ta, wadda ba ta ɗagawa sai matsin man da famfo ya turo ya kai wani mizani, kuma a injinan tsohon yayi irin naka mizanin yakan kasance tsakanin bar 100 zuwa 250 (bar ma'aunin matsi ne), gwargwadon ƙirar injin. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar biyu da rabi ba, to ka ga girman abin da ake magana a kai.

Tazarar da ke tsakanin allurar nan da gidanta kashi biyu ne zuwa huɗu kacal cikin dubu na milimita, wato silin gashin kai ya ninka ta fiye da sau goma. Tun a masana'anta ake daidaita kowace allura da gidanta, shi ya sa ba a ɗaukar allurar wani nozul a saka a wani, ko da lambarsu ɗaya ce. Abin da aka ƙera da irin wannan tsanaki ba ya jure samfefa. Ina kyautata zaton cewa wankin farko ya cire dauɗar da ta toshe ramin, shi ya sa ka samu sauƙin mako biyu, amma wayar da aka zura ta buɗa ramin ko ta karce shi, samfefar kuma ta ci bakin nozul ɗin. Yanzu man yana fita ne kamar tsartuwa ko yana ɗiga bayan an rufe, don haka ba ya ƙonewa duka, ragowar kuma ita ce hayaƙin da kake gani. Bugun da kake ji yakan zo ne idan mai ya taru a silinda sannan ya kama gaba ɗaya. Ban ce bakaniken ya yi da mugun nufi ba, yawancinsu haka suka tarar ana yi, amma wannan hanya tana kashe nozul.

Gyaran da ya dace yana farawa ne da jiƙa nozul a cikin man gas mai tsabta, a goge dauɗar waje da burushin tagulla, ba na baƙin ƙarfe ba, ramin kuma a bi shi da siririyar wayar da aka yi musamman daidai girmansa. Daga nan sai a jawo allurar kamar sulusin tsawonta, a karkata nozul ɗin a sake ta. Idan lafiyarta ƙalau za ta sulale da nauyin kanta ta zauna. Idan ta cije, ko ka ga bakinta ya yi launin shuɗi saboda zafi, to ta gama aiki.

Sai kuma gwaji, wanda shi ne mai raba gardama. Na'urar ƙaramin famfon hannu ce mai agogon matsi. Na taɓa tsayawa a wani gareji a Katsina ana gwada nozul huɗu na wata tarakta: uku daga ciki suna fesawa da wata 'yar ƙara mai kaifi, hazon ya watse nan take, na huɗun kuwa shiru ya yi, mai ya taru a bakinsa kamar hawaye sannan ya ɗigo. A ido dukkansu iri ɗaya ne. Mai gyara zai duba matsin da allurar ke buɗewa, ya daidaita shi da siraran washa ko da noti gwargwadon abin da littafin injin ya faɗa, sannan ya riƙe matsin ƙasa kaɗan da mizanin buɗewa na daƙiƙa goma ya ga ko zai ɗiga. Ina roƙonka, idan ka je kallo, kada ka kai hannu gaban feshin, domin yana huda fata ya shiga nama, kuma raunin da ya yi kama da cizon sauro yana iya kai mutum ga rasa yatsa idan ba a garzaya asibiti ba.

Idan ba ka samu mai na'urar a Daura ba, tafiyar kilomita tamanin zuwa Katsina ta fi maka arha a kan barin abin haka, domin nozul mai ɗiga yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya tsinka wanda ke cikin injin, ya cinye ringi, wani lokaci har ya ƙona saman fistin. Idan gwaji ya nuna sai an sauya, kan nozul ɗin kawai za a saya, allura da gidanta tare, mai lamba ɗaya da tsohon, kuma sabon ma sai an ɗora shi a na'ura an daidaita. A sa sabuwar washar jan ƙarfe a ƙarƙashinsa, kada a mayar da tsohuwar, kada kuma a lanƙwasa bututun mai da ƙarfi wajen ɗaurawa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma shi ne tushen matsalar. Nozul ba ya lalacewa haka kawai, abin da ake ba shi ne ke kashe shi. Shagon niƙa wuri ne na ƙura da garin hatsi, ga kuma ƙurar hunturu, saboda haka ka fara duba matatar iska, domin ita kaɗai ma idan ta toshe tana kawo baƙin hayaƙi. Man da ake saya a jarka a bakin titi sau da yawa yana ɗauke da ruwa da yashi, wani kuma an yi masa algus da kananzir, wanda ba shi da santsin da allurar ke buƙata. Ka bar manka ya kwana a duro kafin ka ɗiba, ka ɗebi na sama ka bar na ƙasa, ka tace shi da matacin da ba ya zubar da zare, ka riƙa tsiyaye ruwan da ke kwanciya a gindin tanki, sannan ka sauya filtar mai a ranar da za a ɗaura sabon nozul ɗin.