Ƙarar Bindiga a Cikin Ɗaki: Likita Ya Amsa Tambayoyin Sojoji Kan Kunne

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni soja ne, mun yi atisayen yaƙin cikin gari, inda ake kutsawa gida-gida ana harbi. Na saba harbi a fili ban ji komai ba, amma wannan karon kwana biyu ke nan kunnena na hagu yana ta kuka, magana kuma kamar daga cikin rijiya nake jinta. Zai wuce da kansa?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka zauna jira. Ka ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro yau ko gobe. Idan gwaji ya nuna jinka ya ragu, akan ba da maganin rage kumburi da ake kira steroid, irin su prednisolone, na 'yan kwanaki, kuma ya fi amfani idan an fara da wuri. Bayan mako biyu amfaninsa kaɗan ne. Kada ka saya da kanka a kemis, musamman idan kana da ciwon suga ko gyambon ciki. Kafin nan ka nisanci harbi, janareto da injin niƙa.

Ƙarar bindiga irin AK-47 takan haura desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 150, alhali daga 140 harbi ɗaya tak na iya yin illa. A fili ƙarar tana bajewa ta tafi. A cikin ɗaki mai bangon siminti kuwa sai ta bugi bango da rufi ta dawo maka, ga kuma bakin bindigar abokinka dab da kafaɗarka. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke ɗaukar sauti. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Batun hagu kuma ba abin mamaki ba ne: mai saɓa bindiga a kafaɗar dama, kunnensa na hagu ne ke fuskantar bakinta, na daman kuwa kansa ya kare shi.

Tambaya: Mu dai auduga muke cusawa, wasu ma har da matatar taba sigari. Ya isa?

Amsa: Bai isa ba ko kusa. Sauti yana ratsa auduga kamar yadda ruwa ke ratsa rariya. A nemi toshin kunne na soso, a kuma iya sa shi, domin a nan yawanci ake kuskure. Da hannu mai tsabta ka murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri ba tare da ya lanƙwashe ba. Ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai, ka ja saman kunnen sama da baya don hanyar ta miƙe. Ka tura shi ciki, ka danne da yatsa daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. Idan wanda ke gabanka yana hango rabinsa a waje, bai shiga ba, a sake. Muryarka za ta yi kauri a cikin kanka idan ya zauna daidai.

Harbi a cikin gini yana buƙatar kariya biyu: soso a ciki, marufin kunne a kai. Haɗin yana ƙara kimanin desibel 5 ne a kan wanda ya fi ƙarfi a cikinsu, amma a irin wannan ƙara biyar ɗin ba ƙaramin abu ba ne. A duba kada ƙafar tabarau ko igiyar hular kwano ta ɗaga bakin marufin, don 'yar kafa kaɗan tana zubar da kariyar. Harsashin atisaye ma, wanda ba ya fitar da dalma, ƙararsa na iya lahani a cikin ɗaki.

Tambaya: Ni nake jagorantar yara a atisaye. Suna cire toshin saboda ba sa jin umarni. Yaya zan yi?

Amsa: Yallaɓai, ƙorafinsu gaskiya ne, amma wanda ya cire shi ne zai fi kasa jin umarnin bayan harbin farko. Akwai marufi mai batir da ke shigo da magana ya datse ƙarar harbi, wasu ma ana haɗa su da oba-oba. Inda babu, a saba da sa toshin tun daga fareti da filin harbi, a ƙarfafa ishara da hannu da taɓa kafaɗa, a kuma duba kunnen kowa a bakin ƙofa yadda ake duba bindigarsa. Ina roƙon a yi wa kowa gwajin ji kafin kwas, sannan duk shekara. Lahanin yakan fara ne daga siraran sauti, wajen hez (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) 4,000, tun mutum bai farga ba.

Tambaya: Gurnetin atisaye ya fashe kusa da maigidana, jini ya ɗan fito a kunnensa. An ce in ɗiga masa man zaitun.

Amsa: 'Yar'uwa, don Allah kada ki ɗiga komai, ko mai, ko ruwan albasa, ko maganin ɗigawa da likita bai rubuta ba. Da alama dodon kunnen ne ya fashe, kuma yawanci yana haɗewa da kansa cikin makonni zuwa wata uku muddin ruwa bai shiga ba. Lokacin wanka ya toshe bakin kunnen da auduga mai man basilin, kada ya fyace hanci da ƙarfi. A kai shi a duba. Idan akwai jiri, amai, ciwon kai mai tsanani, karkacewar baki ko ruwa garai-garai na fita daga kunnen, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.