An yi masa allurar sanƙarau, kuma sanƙarau ya kama shi: jiki ne ya manta?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana na fari an yi masa allurar rigakafin sanƙarau lokacin da aka bi gari-gari ana yi wa yara da matasa. Amma a 2015, yana karatu a Yamai, sanƙarau ya kwantar da shi, da ƙyar ya sha. Yanzu an ce mu kai ƙanwarsa wata allurar, uwar mijina ta ce wahalar banza ce. Shin jiki mantuwa yake yi? Kuma don me ƙyanda sau ɗaya take kama yaro, amma masassarar sauro kowace damina sai ta dawo?
Wata uwa daga Tawa

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Ki gaida mini da Inna, ki ce mata tambayarta tana kan hanya, don abin da ta gani da idonta ne. Sai dai jikin ɗanki bai manta komai ba. Baƙon da aka nuna masa daban, wanda ya zo daban.

Jiki bai san sunan cuta ba. Mu ne muke cewa sanƙarau, ko ƙyanda. Abin da fararen ƙwayoyin jini suke ganewa shi ne siffar wani ɗan guntu da ke jikin ƙwayar cutar, wanda masana ke kira antijen. Ni shaida nake ce masa. Ki je kasuwar dabbobi ta Tawa ran Lahadi, ki ga makiyayi yana neman raƙumarsa da ta ɓata: ba fuskar kowane raƙumi yake leƙawa ba, wuya da cinya yake dubawa, inda aka ɗora ƙarfen shaidar gidansu. In shaidar ta saɓa, wucewa yake yi, ko da raƙumin ya yi kama da nasa.

Masu wannan dubawa iri biyu ne, kuma duka daga ɓargo suke fitowa. Akwai ƙwayoyin B, akwai ƙwayoyin T. Kowace ɗaya tana ɗauke da ƴan hannuwa a bayanta, kuma hannun kowace ƙwaya siffa ɗaya tak yake iya kamawa. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne, jiki ba ya jira sai ya ga cuta kafin ya ƙera hannun da zai kama ta. Tun ƙwayar B ko T tana girma take yanka wasu guntayen ƙwayoyin gado, ta haɗa su yadda suka faɗo, kamar mai ɗinkin da ke haɗa ƙyallaye ido rufe. Da haka ake samun miliyoyin hannuwa, kowane da siffarsa, har da na cutar da ba ta taɓa shigowa ƙasar nan ba. Wani masani ɗan Japan, Susumu Tonegawa, shi ya gano wannan dabara, aka ba shi kyautar Nobel a 1987. Waɗanda hannunsu ya zo daidai da naman jikin mutum kansa kuwa, akasarinsu tun suna ƙanana ake kashe su, don kada kare ya ciji mai gida.

To, tunda kowace siffa ƴan ƙwayoyi kaɗan ne ke da hannunta, yaya za su haɗu da cutar? Kin san kaluluwa. Yaro ya yi tuntuɓe, yatsa ya ruɓe, bayan kwana biyu sai ki ji wani ƙullutu a matsematsinsa, yana ɗingishi. Nan ne wurin haɗuwar. Wasu ƙwayoyi masu sintiri suna haɗiye ƙwayar cutar a bakin miki, su daddatsa ta, su ɗauko guntayen zuwa kaluluwa, su baje su kamar mai talla a faifai. Ƙwayoyin T suna wucewa ɗaya bayan ɗaya suna taɓawa. Dubbai za su wuce ba ruwansu. Ranar da mai hannun da ya dace ta taɓa, sai ta tsaya, ta fara rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu huɗu, har wurin ya kumbura. Ƙwayar T ba ta ganin shaida sai an ɗora mata a wannan faifai. Ita B kai tsaye take kama bayan ƙwayar cuta, daga nan ta shiga zubo makaman da ke yawo cikin jini, masu irin hannunta sak. Karon farko aikin yakan ci mako ɗaya zuwa biyu, kuma sanƙarau yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. Amfanin allura ke nan: a yi wannan jiran tun lafiya lau, a bar ƙwayoyin da ke tuna shaidar suna gadi.

Yanzu ga ɗanki. Ƙwayar da ke kawo annobar sanƙarau a yankinmu tana sanye da riga ta wani irin sukari, kuma rigar ce shaidarta. Rigunan kashi 12 ne, shida daga ciki ne ke yawan ɓarna: A, B, C, W, X da Y. Allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar, Mali da Burkina Faso a 2010 rigar A kaɗai take nuna wa jiki, don A ce ta daɗe tana kwasar rayuka a nan, kamar a annobar 1996. Ta kuwa yi aikinta, A ta kusa ɓacewa. Annobar 2015, wadda ta fi tsanani a Yamai, ta kama mutum sama da 8,000, ta kashe fiye da 500, kuma akasari rigar C ce. A nan Yamai cibiyar CERMES ce ke duba ruwan ƙashin baya ta faɗi kashin. Masu gadin jikin ɗanki suna nan tsaye suna jiran A, C ta wuce ta gabansu.

Ƙyanda, wadda wasunmu ke ce wa dussa, labarinta gajere ne. Shaidar da jiki ke kamawa a bayanta ba ta sauyawa yadda za ta kuɓuce, shi ya sa kamu ɗaya ya isa, kuma allurar da aka fara tun 1963 har gobe tana aiki.

Masassarar sauro ce mai wayon tsiya. Tana shiga cikin jan ƙwayar jini, wadda ba ta da faifan nan na nuna wa T abin da ke cikinta. Shaidar da take fitarwa a bayan jan ƙwayar kuma tana da iri kusan 60 a ajiye. Jiki na gama koyon ɗaya, ta sauya wata. Sannan ta bana ba lallai ta zama irin ta bara ba. Don haka babba da ya sha daminu da yawa yakan yi zazzaɓi ya tashi, don ya tara sanin shaidu, amma yaro ɗan ƙasa da shekara biyar bai tara komai ba tukuna. Shi ya sa ba na son jin ana cewa a bar yaro ya saba. Sangen sauro da maganin da ake rabawa wata-wata da damina su ne garkuwarsa.

Ƙanwar kuwa, ki kai ta. Akwai sabuwar allura mai nuna riguna biyar a tashi ɗaya, A, C, W, X da Y, an fara amfani da ita a Nijeriya da Nijar a 2024. Ki tafi da katin rigakafinta, ki tambayi ma'aikaciyar wace iri ce za a yi mata, ki sa a rubuta. In dantse ya ɗan kumbura ko jiki ya yi ɗumi kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin nan ne ke taruwa. Amma zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumbura, musamman daga hunturu zuwa bazara, wannan asibiti za a nufa a daren, ko an yi allura ko ba a yi ba.