Ga ɗan'uwan da zai sa tsohuwar makhraɗa (injin sassaƙa ƙarfe) a gida a Jidda

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na ga tambayarka kan tsohuwar makhraɗar kamfanin Colchester na Ingila da kake son saya ka sa a gida kai da yaranka, har kana tambayar wutar gida za ta ja ta. Sai da gabana ya faɗi, don fenti ka yaba, kuma da fenti aka cuce ni.

Wani dillali ya sayar mini da inji yana ƙyalli, ashe gadon, wato dogon ƙarfen da wuƙa ke tafiya a kansa, ya cinye kusa da cok, wato abin da ke riƙe ƙarfen da ake sassaƙawa, ya goge shi da takardar yashi ya shafa mai. Har rantsuwa ya yi. Mutum ya dubi idonka, ya san kuɗin iyali ne ka tara, ya ce inji bai yi aiki ba! Duk ƙarfen da na sassaƙa sai ya fito baki ɗaya ya fi ɗaya kauri. Na koma ya ce ai an gama ciniki. Allah ya isa, ban yafe ba.

Kada ka biya sai ka gwada. Kawo keken wuƙa, wato abin da ke ɗauke da wuƙar a kan gado, kusa da cok, ɗan ɗaure makullinsa, ka tura shi zuwa wutsiya, wato ɗaya ƙarshen gadon. In ya tafi sakwa-sakwa sannan ya cije a tsakiya, gado ya tafi, gyaransa kuwa yakan fi kuɗin injin. Sai ka ɗaura ƙarfe mai kaurin milimita 40, tsawon 150, ba tallafin wutsiya, ka yi yanka mara zurfi ka auna baki biyu da maikuromita, ma'aunin kauri. Bambancin milimita 0.02 ba laifi. Buɗe murfin kai ka duba haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya.

Wutar kuwa, motar injin Ingila ta hez 50 ce (hez ma'aunin bugun wuta ne), tamu a nan 60, don haka gudu zai ƙaru da kashi 20 cikin ɗari. Abin da ke rubuce a jikin injin ba shi kake samu ba. Galibin motocin fes uku ne, wato layin wuta uku suke so. Karanta farantin mota: in ka ga bolt 220/380, a mayar da haɗin wayoyinta zuwa delta, wato haɗin 220, ka sa inbata mai karɓar fes ɗaya ta fitar da uku, a haɗa ta kai tsaye da motar, ba makunni a tsakani. In 415 kaɗai ne, canja motar ya fi sauƙi.

Yaran nan su ne damuwata. Kada kowa ya matso da jallabiya mai hannu ko safar hannu, kuma makullin cok ba ya kwana a jikin cok ko na daƙiƙa ɗaya. Ɓarɓashin ƙarfe da ƙugiya ake jansa.

Ka tambayi dillalin giyoyin canji, waɗanda ake sauyawa don yanka tiredi, tun yanzu, sukan ɓoye su sayar daban. In injin na inci ne, giya mai haƙori 127 ke ba da tiredin milimita daidai.

Ko ƙaramar Colchester da ake kira Student ta haura kilo 500, ƙasa za ta zauna a kan kankare, ba a bene ba, a daidaita ta da lebur. Gado man ISO 68 yake so, ba giris ba, giris ƙura yake tarawa ya ci ƙarfe. Da raɓar Jidda, shafa mai kowane dare. In kuma aikin kuɗi za ka karɓa, je baladiyya, hukumar gari, tukuna, don in maƙwabci ɗaya ya kai ƙarar hayaniya ana iya rufe wurin.