Gasar masu talla ta Afirka: daga ina ta faro?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai gasar da ake karrama masu talla a Afirka, kai da kake haɗa wa 'yan kasuwar Dole tallace-tallace a gidan rediyo nan Damagaram. Akwai, kuma wadda ta fi suna ita ce Loeries ta Afirka ta Kudu.

Asalinta talabijin ne. Gwamnatin wariyar launin fata ta daɗe tana ƙin talabijin, sai a 1976 aka buɗe ta a ƙasar, talla kuma ba ta fara fita a cikinta ba sai 1978. A wannan shekarar aka kafa gasar domin ƙarfafa masu shirya tallar talabijin, sana'ar da a lokacin jaririya ce. Daga baya rediyo ya shigo, da jarida, da zane, da intanet, aka kuma buɗe ƙofa ga sauran ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya.

Akwai dai wadda ta girme ta, wato Cannes Lions, wadda aka fara a Venis ta Italiya a 1954, ta zauna dindindin a Faransa tun 1984. Wannan ta manyan kamfanoni ce, ban ba ka shawararta ba.

Gaskiyar magana, ko Loeries ɗin ana biyan kuɗin shiga, kuma ba lallai ne alƙalan su ji Hausa ba. Barkwancin da ke sa mutanen unguwannin Birni da Zango dariya yakan mutu a fassara. In za ka gwada, zaɓi tallar da dabararta ke tsayawa ko an cire wasan kalmomi, ka haɗa ta da fassarar Ingilishi mai kyau.