Ga malamar da aka ɗora wa darasin Sibik: kada ki ajiye shi

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ƙanwata da ta yi tambaya jiya da daddare, sannu da ƙoƙari. Kin ce Jogirafi kika karanta amma aka ɗora miki Sibik na SS2 saboda babu mai ɗauka, kuma duk sanda kika rubuta haƙƙoƙin ɗan ƙasa a allo sai yaran su tuntsire da dariya su ce, "Malama, a wace ƙasar?" Har kin fara jin kamar ƙarya kike koyarwa, kina tambaya ko ki je ki roƙa a canza miki darasi. Wallahi na san wannan dariyar, na sha ta har ta ishe ni, shi ya sa ba zan iya wuce tambayarki ba.

Kada ki ajiye shi, ƙanwata. Amma kada kuma ki tsaya kina kare gwamnati a gaban yaran da suka zauna a ƙasa don babu benci. Suna da gaskiyarsu. Abin da ya sauya min aji shi ne ranar da na daina musu da su na buɗe kundin tsarin mulkin 1999 ɗin kansa. Sashe na 14 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 18 ya yi maganar ilimi kyauta, amma ya maƙala sharaɗin cewa sai lokacin da hali ya yi. Duk waɗannan a babi na biyu suke, kuma sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika abin da ke cikin wannan babin. Babi na huɗu kuwa, daga sashe na 33 zuwa 46, inda haƙƙin rai da mutunci da 'yanci da adalcin shari'a da addini suke, shi mutum yana iya zuwa babbar kotu a kansa. Da yara suka ga wannan bambancin sai dariyar ta koma tambaya. Wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu ba ya ce, "To Malama, wa ya rubuta shi haka?" Na ce masa a ƙarƙashin mulkin soja na Janar Abdulsalami aka fitar da shi, kuma majalisa na da ikon gyara shi idan kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi suka yarda. Har aka buga ƙararrawa ba su bar ni na fita ba.

Sai dai dole in gaya miki abin da ya same ni, don ki shiga da idonki a buɗe.

Wata shekara ina koyar da sashe na 35. Na bayyana musu cewa wanda aka kama dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu, ban da manyan laifukan da hukuncinsu kisa ne. Na ƙara da cewa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana a kama mutum a madadin wani. Akwai wata yarinya a layin baya, shiru-shiru, kullum hijabinta a goge. Na ga tana rubutu da sauri, da ta gama ta yage fallen daga tsakiyar littafinta ta ninke shi huɗu ta cusa a aljihu. Ashe yayanta ne ya karɓi babur a hannun wani ana biya kaɗan-kaɗan, ya kasa biya ya gudu, aka zo aka tafi da mahaifinsu, tela, tsoho mai ciwon suga. Ta kai wa kawunta takardar, shi kuma ya je ya karanta musu a caji ofis. An saki tsohon. To amma mai babur ɗin mutum ne mai faɗa a ji a unguwar, kuma yana cikin ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantarmu.

Ranar Litinin shugaban makaranta ya tara mu duka a ofishin malamai. Bai kira ni gefe ba, bai tambaye ni me ya faru ba. Yana tsaye yana buga makullin motarsa a kan tebur, ya ce, "Malama, ke lauya ce? Gwamnati ta ɗauke ki aiki ne don ki tunzura 'ya'yan mutane?" Ya ce ire-irena ne ke ɓata tarbiyyar yara mata, su taso suna ɗaga wa manya murya. Ya ce in siyasa nake so in ajiye aiki in je in tsaya takarar kansila. Na buɗe baki zan ce abin yana cikin manhaja, ya ɗaga min hannu ya ce ba a ba ni izinin magana ba. Ni da na girme shi a aikin. Ni da na riƙe masa ajin jarrabawa lokacin da malamai suka watse. Ya miƙo min takardar tuhuma a gaban kowa, har da 'yan bautar ƙasa da ba su yi wata biyu da zuwa ba, ko sunana ba a rubuta daidai ba a kai. Abin da ya fi ci min rai har yau shi ne shirun da aka yi. Mutanen da muke cin abinci kwano ɗaya da su, kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Babu wanda ya ce uffan. Bayan an watse sai ga su ɗaya bayan ɗaya suna zuwa da "Ki yi haƙuri, kin san halinsa." Na shiga banɗaki na yi kuka na wanke fuska, na koma na shiga aji na gaba. Ya karɓe min SS3, ya tura ni duba masu makara a bakin ƙofa tsawon zango guda, cikin rana, ina da tsohon ciki. Na yafe wa waɗanda suka yi shiru, tsoro ne. Shi kuwa na bar shi da Allah, kuma har gobe in na ji ƙarar makulli a kan tebur gabana sai ya faɗi.

Yarinyar ta zo ta durƙusa tana ba ni haƙuri wai ita ta ja min. Na ce ta tashi, ba ta yi laifin komai ba.

Don haka ki kare kanki. Duk abin da za ki faɗa a aji ki tabbata yana cikin shirin darasinki, an duba an sa hannu kafin ki shiga. Ki rubuta lambar sashen a allo, ya zama dokar ce ke magana. Wannan ne ya cece ni a ƙarshe, domin da masu duba makarantu suka zo sun ga sa hannun mataimakin shugaban makarantar a kan darasin. Kuma kada ki kuskura ki ambaci jam'iyya ko gwamna mai ci, ko da yabo ne. A ajinki akwai ɗan gidan ciyaman, akwai ɗan wanda ya faɗi zaɓe, duk abin da kika furta kafin la'asar ya isa gida. In yaro ya kawo miki matsalar gidansu, ki nuna masa cewa akwai hukumar ba da agajin lauya kyauta da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, ki ce babba ya je, kada ke ki shiga tsakani.

Wani abin kuma, ki rage haddar adadi. Eh, su san sanatoci 109 ne, 'yan majalisar wakilai 360, ƙananan hukumomi 774, saboda WAEC da NECO suna tambaya. Amma ki gwada tambayarsu sunan kansilan mazaɓarsu. Zai yi wuya ki samu biyar da suka sani. Ni aikin gida nake ba su: su gano sunan kansila, da mai unguwa, da dagaci, da hakimi, su kuma tambayo a gida wa ake kai wa kuka in famfon unguwa ya lalace. Kusan duka sukan dawo da cewa gidan mai unguwa ake zuwa. Daga nan sai hira ta ɓarke, domin kundin 1999 bai ba sarakunan gargajiya wani aiki a rubuce ba, amma su ne mutane suka fi yarda da su, wanda aka zaɓa kuma aka ware wa kuɗi ba a ma san fuskarsa ba. A nan nake kawo hukuncin kotun ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, in ce su sa ido su gani ko ya isa unguwarsu.

Kuma don Allah ki ba su tarihin gida. Yaranmu suna ɗauka neman haƙƙi abin Turawa ne ko na 'yan Kudu. Ki gaya musu a Kano aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, Malam Aminu Kano ya ƙare rayuwarsa yana faɗa a kan talaka. Ki gaya wa 'yan matan cewa Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a kan wannan gwagwarmayar, kuma matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan na Kudu sun daɗe suna yi. Sai ki ga sun gyara zama. In kin zo kan yadda majalisa ke taka wa zartarwa birki, ga Balarabe Musa nan a Kaduna, gwamnan farko da aka tsige a ƙasar nan, a 1981, shi ɗan jam'iyyar PRP majalisar kuma 'yan jam'iyyar NPN ne suka fi rinjaye. Ki bar su su yi gardama ko adalci aka yi masa. Ki tura su su tambayi kakanninsu yadda ake karɓar haraji da jangali kafin Balarabe Musa da gwamnan Kano na lokacin, Abubakar Rimi, su soke su. Wata ɗalibata ta dawo da labarin yadda kakanta ke kwana a gona in masu karɓa sun shigo gari, ajin ya yi tsit.

Abin da ke ɓata min rai, kuma na san da yawanmu a nan sun sani, shi ne yadda aka mai da darasin nan tamkar ragowar tuwo, wanda bai samu komai ba a tura masa. A sa shi a zama na ƙarshe ranar Alhamis lokacin da yunwa ta cinye yara. Ba littafi, ba horo, ko kwafi ɗaya na kundin tsarin mulki babu a makaranta. Ga shi kuma a 2025 an sanar da haɗe shi da tarihi a sabuwar manhaja, kaya ya ƙaru, malamin bai ƙaru ba. Alhali yaran SS2 ɗin nan yawancinsu shekara ɗaya ko biyu ya rage su cika 18 su yanki katin zaɓe. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ko kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba su fita ba. Tun 2018 ɗan shekara 25 yana iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai, amma yaranmu abin da suka sani game da zaɓe shi ne taliya da atamfa da 'yan jagaliya. In mu ba mu gaya musu ba wa zai gaya musu?

Ki gwada zaɓen monita da ƙuri'a ta sirri, a kwalin alli, a ƙirga a gabansu. A ajina wani ya raba alewa, sauran suka kai ƙara, muka kafa kwamitin mutum uku suka saurari kowane ɓangare. Ki kuma haɗa da sashe na 24, na nauyin da ke kan ɗan ƙasa, don kada su ɗauka haƙƙi kawai ake karɓa ba a bayarwa. Iyaye ma sun fi sakin jiki in sun ji wannan ɓangaren.

Ina da babi na biyu da na huɗu da na buga na yi wa bayani da Hausa a gefe, da tambayoyin jarrabawar baya da na tara. Ki yi min magana ta gefe in ɗauka a hoto in turo miki, ki fara da sashe na 34 da 35 a makon nan kafin ki yanke shawarar zuwa ofishin shugaban naku. Sauran malaman Sibik da ke nan, in akwai mai buƙata shi ma ya faɗa.